Ƙarfe A Hannu, Me Ke Cikin Kwano? Lissafin Furotin, Sitaci Da Maiƙo Ga Mai Neman Ƙwanji

Da la'asar sakaliya, idan rana ta fara sassautawa, leƙa wani kangon gida a bayan layi, ko a Kano kake, ko Kaduna, ko Maraɗi. Za ka tarar da samari sun tuɓe riguna. Kayan aikin nasu ba su da yawa: gwangwanayen fenti biyu da aka cika da siminti aka soka musu bututun ƙarfe a tsakiya, tsofaffin farantan birkin mota da mai walda ya haɗa, bencin katako da aka naɗe da guntun katifa, sai wani fasasshen madubi da aka jingina da bango. Ɗaya na kwance yana tura ƙarfe sama, biyu na tsaye a kansa suna ƙirga masa, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Gumi na zuba a ƙasa har ya yi taswira.

Bayan magariba sai ka bi su teburin mai shayi. A nan ne rabin labarin da ba a cika bayarwa ba yake. Odar da aka saba ita ce Indomie ƙanana biyu da ƙwai ɗaya, biredi, da shayi haɗin kauri. Ciki ya cika, an tashi ana miƙa. Amma bari mu yi wa wannan tebur lissafi. A ƙiyasi, abin da saurayin ya ci ya haura kalori 1,200, furotin ɗin da ke ciki kuwa bai wuce giram 30 ba, kuma mafi yawansa na alkama ne. Idan nauyinsa kilo 70 ne, yana buƙatar wajen giram 120 a yini. Ke nan in da irin wannan abinci zai cika adadin, sai ya ci shi sau huɗu, ya zuba wa cikinsa kalori kusan 5,000. Kafin ƙwanji ya fito, tumbi ya riga shi.

Masu ɗaga ƙarfe a garuruwanmu sun kasu gida biyu. Akwai masu cewa a ci kawai, duk abin da aka samu a danna, jiki zai buɗe. Akwai kuma waɗanda suka kalli bidiyon Turawa a waya suka yanke wa tuwo da shinkafa hukunci, suka koma tara kuɗin sayen robar garin furotin mai tsadar da ta kai buhun hatsi. Dukkansu suna wahalar da kansu a banza. Tukunya a kan duwatsu uku take zama, kuma abincin mai gina tsoka ma haka: furotin, sitaci, da maiƙo. Ka janye ɗaya, miya ta kife.

Abin da ƙarfe ke yi, da abin da abinci ke yi

Tsoka kusan kashi 75 cikin ɗari ruwa ce, kimanin kashi 20 kuma furotin. Kullum jiki cikin rushe tsohon furotin yake yana ɗora sabo, ko mutum na barci ko yana tafiya. Idan abin da aka ɗora ya yi daidai da abin da aka rushe, jiki na nan yadda yake. Ɗaga nauyi shi ne ke aika wa tsoka saƙon cewa aikin da ke gabanta ya fi ƙarfinta, sai ta ƙara saurin gini na tsawon yini ɗaya zuwa biyu bayan atisaye. A wannan tsakanin ne take neman kayan aiki.

Kayan aikin su ne ƙananan sinadaran da ake kira amino asid, waɗanda furotin ke narkewa ya koma. Guda 20 ne, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai ta baki. Ɗaya daga cikin taran, liyusin, shi ne kamar mai kaɗa ƙararrawar fara aiki. Yana da yawa a madara, ƙwai, nama, kifi da waken suya.

Sai dai gini ba ya tafiya da bulo kaɗai. Leburan da za su ɗauki bulon suna son abinci, kuma abincinsu shi ne kuzarin da ake aunawa da kalori. Giram ɗaya na furotin na ba da kalori 4, na sitaci ma 4, na mai kuwa 9. Idan kuzari ya yi ƙaranci, jiki ba ya jin kunyar ƙona furotin ɗin da ka saya da tsada don ya samu abin tafiya. Ka ga an yi ba a yi ba.

Furotin: nawa ne ya isa?

Ga mutumin da ba ya wani aikin ƙarfi, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci suka fitar a 2007 shi ne kimanin giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Wannan na tsare lafiya ne, ba na ƙara tsoka ba. Ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta ƙasa da ƙasa, a matsayar da ta wallafa a 2017, ta ba masu atisaye shawarar giram 1.4 zuwa 2.0.

Nazarin da aka fi kafa hujja da shi ya fito ne a 2018 daga Jami'ar McMaster ta Kanada, inda Robert Morton da Stuart Phillips da abokan aikinsu suka tattara gwaje-gwaje 49 da suka ƙunshi mutum 1,863. Abin da suka gano ya kamata a rubuta shi a bangon kowane gidan ɗaga ƙarfe. Amfanin ƙarin furotin na tsayawa ne a wajen giram 1.6 ga kowane kilo, kuma ko an yi wa masu buƙata ta musamman sassauci, ba a wuce 2.2 ba. Sannan ratar da ke tsakanin waɗanda aka ba ƙarin furotin da waɗanda ba a ba ba, a tsaka-tsaki, kimanin giram 300 ce ta tsoka. Babban aikin ƙarfen ne ya yi shi. Furotin ya taimaka, amma bai yi sihiri ba.

Saboda haka mai kilo 60 na neman giram 96 zuwa 132, mai kilo 70 na neman 112 zuwa 154, mai kilo 80 kuma 128 zuwa 176. Wanda ke da ƙiba sosai ya yi lissafin da nauyin da yake son komawa, don kitse ba ya cin furotin.

Bayan adadi sai rabo. A gidajenmu furotin yakan zo ne a dunƙule: ranar Juma'a a ci kaza, ranar suna a ci rago, da Babbar Sallah a yi mako ana tuƙar soye, sauran kwanaki kuma koko da safe, tuwo da dare da tsoka ɗaya tana iyo a miya. Jiki ba shi da rumbun ajiye furotin kamar yadda yake ajiye kitse. Naman layya ba zai gina maka ƙwanji a watan Safar ba. Abin da ya fi shi ne a raba shi gida uku ko huɗu a yini, kowane zama giram 25 zuwa 40.

Kasuwarmu ba ta rasa ba

Wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya ga buhunan wake jibge har rufi ba zai ce ƙasar nan ta rasa furotin ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Giram 100 na busasshen wake, abin da bai cika gwangwanin madara ba, na ɗauke da furotin wajen giram 23. Waken suya ya fi shi, yana kaiwa giram 36. Gyaɗa na da 25, amma kusan rabin nauyinta mai ne. Shi ya sa ƙuli-ƙuli ya fi ta amfani ga mai wannan lissafi: an matse mai, furotin ya taru. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6. Dafaffen nama marar kitse giram 100, wato kamar faɗin tafin hannu ban da yatsu, na ba da 25 zuwa 30, kifi ma bai yi nisa da haka ba. Rabin litar madara ko kindirmo na ba da wajen 16. Kilishi da busasshen kifi da soyayyiyar fara kuwa, tunda ruwansu ya tafi, ɗan kaɗan ɗinsu na da nauyi a lissafi.

Ana yawan raina furotin ɗin tsirrai, a ce bai cika ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gero, dawa, masara, shinkafa da alkama suna da ƙarancin amino asid ɗin da ake kira laisin. Wake na da shi da yawa, amma shi kuma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Ka haɗa su, kowa ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Iyayenmu mata ba su san waɗannan sunaye ba, amma su suka haɗa shinkafa da wake, koko da ƙosai, fura da nono, kunun gyaɗa da shinkafa. Ba ma dole ba ne a haɗa su a kwano ɗaya, in dai an ci su a yini ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan kowanne a cikin kwanon. Ka tsaya gaban mai garau-garau ka kalli yadda take zubawa: shinkafa ludayi uku, wake kamar an yayyafa don ado, sannan mai ya sauka har ya kwanta a gindin roba. Abincin daidai ne, rabon ne ya karkace. Mai ɗaga ƙarfe ya ce mata, "Baba, a juya mini: wake ya fi yawa, mai rabin cokali, a ɗora ƙwai biyu." Kuɗin da zai ƙara kaɗan ne, amma kwanon ya tashi daga furotin giram goma sha wani abu zuwa sama da 30. Haka ɗan wake: a duba ko garin wake ne ya rinjaya ko na rogo. Haka alala, wadda ta fi ƙosai sauƙin mai tunda turara ta ake yi.

Awara kuma ta cancanci a ɗaga mata hula. Furotin ɗin waken suya na cikin mafi inganci a tsirrai, kuma ga ta a kowane lungu da araha. Akwai jita-jitar da ke yawo a tsakanin samari cewa tana rage mazakuta. Masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza a 2010, aka sake sabunta nazarin a 2021, ba a ga waken suya ya rage sinadarin testosteron ba. Abin dubawa a awara shi ne man da aka soya ta da shi, ba waken ba.

Hattara biyu a nan. Gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna ko suke ɗaci a bar su, domin gubar afulatoksin da ke tsira a jikinsu na lalata hanta. Nono kuma a nemi wanda aka tafasa madararsa kafin ya kwana, a kuma tuna cewa wanda aka tsinka da ruwa aka kaurara da garin kuka ba zai ba da abin da kindirmo ke bayarwa ba.

Tuwo bai yi laifi ba

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lokacin da mutum ke tura ƙarfe sau takwas, sau goma, sau goma sha biyu a jere, man da tsokarsa ke ƙonawa shi ne gilaikojin, wato sitacin da jiki ya sarrafa ya adana. Tsokar babban mutum na riƙe wajen giram 400, hanta kuma wajen 100. Kowane giram na tafiya da ruwa kusan giram 3. Shi ya sa wanda ya daina cin hatsi yakan ga kilo biyu sun zube cikin mako guda, ya ɗauka kitse ne ya narke, alhali ruwa ne ya fita. Tsokarsa ta saki, ƙarfen da yake ɗagawa jiya yau ya gagare shi, kuma tunda nauyin ƙarfen ne ke kiran gini, ginin ya tsaya.

Ba banza ba aka san dambe da kokawa da lokacin kaka. Sai an cika rumbu, an ƙoshi da sabon gero, sannan kalangu ke tashi a dandali. Dambe ya yi suna a hannun mahauta, mutanen da ba su rasa nama ba, amma ba a taɓa jin ɗan damben da ya ƙaurace wa fura da tuwo ba. Ƙartan da ke neman takobi a gasar kokawa ta ƙasa a Nijar, wadda ake yi tun 1975, 'ya'yan ƙasar gero ne.

Ga mai ɗaga ƙarfe, abin da masana suka fi ambata shi ne sitaci giram 4 zuwa 7 ga kowane kilo a yini. Wanda aikinsa zaman shago ne, yana atisaye sau uku a mako, ya tsaya a ƙasa-ƙasa. Wanda ke dako a kasuwa, ko gini, ko noma, ko yana buga ƙwallo bayan ƙarfen, ya matsa sama. Nan ne kwaikwayon jadawalin wani Bature mai zaman ofis ke cutar da ɗan dako: buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Sitacin ma suna suka tara. Tuwon dawa, na gero, na masara, fura, acca, dankali, doya, rogo, makani da wake suna zuwa da dusarsu da ƙarfen jini da sinadaran bitamin, suna narkewa a hankali, suna riƙe ciki. Sukarin shayi da lemon kwalba kuwa kalori ne tsirara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini. Abu mai saurin narkewa kamar dabino, ayaba, ko farar shinkafa na da gurbinsa, kuma gurbin shi ne dab da atisaye ko bayansa. Tuwo mai nauyi kuwa a ba shi awa biyu zuwa uku kafin a kwanta a benci.

Mai: ɗan kaɗan mai nauyi

A cikin ukun, mai ne ya fi iya ɓuya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kimanin giram 14 ne, kalori 120. Ba ya cika ciki, ba a ganinsa in ya shige miya, amma cokali huɗu sun kai kalorin kwanon shinkafa. Ƙosai, awara, soyayyen dankali, waina, fanke, taliya da manja, duk suna tafe da shi a ɓoye.

Duk da haka ba a korarsa. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jini sai da maiƙo. Bangon kowace ƙwayar halitta da shi aka gina, kuma jiki na amfani da dangin kitse wajen ƙera sinadaran da ke tafiyar da girma da haihuwa. Matsayar da manyan ƙungiyoyin likitocin wasanni da masana abinci na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ta gargaɗi 'yan wasa kada su daɗe suna cin maiƙo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na kuzarinsu. Abin da aka saba bayarwa shi ne kashi 20 zuwa 35.

Wane iri? Gyaɗa, riɗi, agushi, waken suya, gwaiduwar ƙwai, da kifi mai maiƙo irin su sadin da makarel su ne na gaba. Manja na da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, amma kusan rabinsa daskararren kitse ne, kamar yadda man shanu da kitsen tsire suke, kuma shawarar Hukumar Lafiya ita ce irin wannan kada ya wuce kashi 10. Wanda ya fi cancantar gudu shi ne baƙin man kasko da aka yi kwanaki ana maimaita suya da shi. Idan ka je wurin mai tsire, ka ce a yanka maka tsoka, kitsen a bar wa mai so.

Mu ɗauki biro

Ga yadda ake jera lissafin, kuma jerin na da muhimmanci: a fara da kuzari, a cire furotin, a cire mai, abin da ya rage na sitaci ne.

Mu ɗauki saurayi mai kilo 70, tela ne, yana ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. A ƙiyasi, kalori 2,500 za su riƙe shi a nauyinsa. Don ya ƙaru yana son rarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, mu ce 2,800. Furotin giram 120, kalori 480 ke nan. Mai kashi ɗaya cikin huɗu, kalori 700, wato giram 78, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin ƙwai da gyaɗa da nama, ba na kwalba kaɗai ba. Ragowar kalori 1,620 sitaci ne, giram 405, kusan 6 ga kowane kilo.

A kwano kuma fa? Da safe, kofin koko babba da alala biyu da dafaffen ƙwai biyu: furotin wajen giram 30. Da rana, wake da shinkafa, waken ya rinjaya, da yankan kifi, da salak ko kwaɗon zogale: wajen 35. Bayan atisaye da yamma, fura da kindirmo rabin lita, sukari kaɗan ko babu, da ɗan ƙuli-ƙuli a gefe: wajen 25. Da dare, malmalar tuwo biyu da miyar kuka ko taushe, da nama ko awara gwargwadon tafin hannu: wajen 30. An kai 120, kuma babu abin da ya fito daga kanti mai gilashi. Ranar da aljihu ya yi sanyi, awara da wake da ƙuli-ƙuli su maye gurbin nama da kifi, a ɗan ƙara yawansu.

Wanda ba ya son ƙirga giram ya yi amfani da ido: kashi ɗaya cikin huɗu na faranti furotin, rabi hatsi ko dankali, sauran ganye da kayan lambu, mai kuma a auna shi da cokali maimakon a tuttula daga galan. Mace mai ɗaga nauyi ma da wannan ma'aunin na kilo za ta yi aiki, sai dai ta ƙara kula da abinci mai ƙarfen jini, kamar hanta, jan nama, wake da ganye.

Mai son rage tumbi ba tare da tsoka ta zube ba zai juya lissafin ne kaɗan: ya rage kalori 300 zuwa 500 daga mai da sukari da yawan tuwo, furotin kuma ya matsa da shi wajen giram 2 ga kowane kilo, ya ci gaba da ɗaga ƙarfensa.

Ɗanyen ƙwai, garin roba da "sha ka fashe"

Tun da aka ga jarumin fim ɗin Rocky na 1976 yana fasa ƙwai a kofi yana kwankwaɗa, al'adar ta zagaya duniya. A nan har da ƙarin gishiri: a haɗa da lemon malt da madarar gwangwani. Wani gwaji da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna hanji na tsotse kimanin kashi 91 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kashi 51. Ga kuma haɗarin ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Babu abin da ɗanye ya fi dafaffe da shi. Lemon malt ɗin kuwa mafi yawansa sukari ne.

Garin furotin na roba ba guba ba ne, ba kuma magani ba ne. Mafi shahararsa daga ruwan da ke tsatsowa idan ana yin cuku ake busar da shi, kuma cokalinsa ɗaya na ba da giram 20 zuwa 25, abin da ƙwai huɗu za su bayar. Amfaninsa sauƙi ne ga wanda ba shi da lokacin girki. Mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma san cewa garin da ake tallatawa da sunan ƙara nauyi galibinsa sitaci ne da sukari, abin da fura ta fi shi araha. Batun cewa dole a sha cikin minti talatin da ajiye ƙarfe kuwa, nazarin da Brad Schoenfeld da abokansa suka tattara a 2013 ya nuna jimillar furotin ɗin yini ce ke da tasiri, ba tseren agogo ba. Daga cikin kayan ƙari, kiretin ne ya fi samun shaidar bincike, giram 3 zuwa 5 a yini, shi ma ƙari ne a kan abinci.

Wanda ya kamata a yi wa ihu shi ne "sha ka fashe". Ƙwayoyin da ake sayarwa da wannan suna sukan ƙunshi deksametason ko magungunan buɗe ciki. Deksametason na tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tura kitse ciki da ƙeya, ya ɗaga sukari da hawan jini, sannan, abin takaici ga mai neman ƙwanji, yana cinye tsoka ne. Allurar sitiroyid ta masu gina jiki kuwa tana ƙara tsoka, amma kuɗinta ana biya da hanta, da zuciya, da ƙarfin haihuwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Shin yawan furotin na kashe ƙoda? Ga mai lafiyayyar ƙoda, bincike bai nuna cutarwa a adadin da muka ambata ba. Mai ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko hawan jini, lissafinsa daban ne, kuma likita ne zai yi masa. A yankunan da ciwon ƙoda ya yi ƙamari, irin su Gashuwa a Jihar Yobe, gwajin jini kafin a fara ba asarar kuɗi ba ne. Ruwa kuma a sha shi sosai, musamman a zafin Afrilu da Mayu, har fitsari ya koma fari-fari.

Idan azumi ya zo

Watan Ramadan ba ya rushe gini in an tsara shi. Adadin yini na nan, lokacin ne ya matse. A buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, a rage tulin soye-soye da ke cika ciki da mai tun kafin abinci ya zo. Bayan magariba a ci abinci mai furotin, bayan asham a ƙara wani, da sahur kuma a nemi mai daɗewa a ciki: wake, ƙwai, kindirmo, fura ko tuwo. Zama uku ke nan, kowanne giram 35 zuwa 40. Ɗaga nauyi ya fi dacewa bayan an sha ruwa. Burin watan shi ne a riƙe abin da aka tara, ƙari ya jira Shawwal.

Alƙalin gaskiya

Duk lissafin da ke sama ƙiyasi ne, domin jikin kowa da yadda yake ƙona abinci. Alƙalan da ba sa karɓar toshiya uku ne: sikeli, tef ɗin tela, da littafin da ake rubuta nauyin ƙarfe. A hau sikeli da safe kafin karyawa, sau biyu ko uku a mako, a ɗauki matsakaici. Ƙarin da ake nema shi ne kashi 0.25 zuwa 0.5 cikin ɗari na nauyin jiki a mako, wato giram 175 zuwa 350 ga mai kilo 70. In mako uku sun wuce sikeli bai motsa ba, a ƙara malmala ɗaya ko dunƙulen fura. In ƙugu na faɗi fiye da ƙirji da damtse, a rage mai da sukari, a bar furotin inda yake. In ƙarfen da ake ɗagawa bai ƙaru ba wata da watanni, a binciki barci, domin wanda ke raba dare a majalisa ko a kan waya ba ya ba tsoka awa bakwai zuwa taran da take gyara kanta a ciki.

Sabon shiga zai ga canji cikin watanni uku zuwa shida. Daga nan tafiyar ke rage gudu, shekara ta biyu ba ta kai ta farko ba, ta uku ba ta kai ta biyu ba. Haka halittar take, kuma duk wanda ya yi maka alƙawarin ƙirjin jarumin fim ɗin Indiya cikin mako shida, aljihunka yake kallo.

Gobe da la'asar samarin nan za su koma kangonsu, gwangwanayen siminti za su sake tashi sama. Sun riga sun biya kaso mafi wuya, wato gumi da naci. Abin da ya rage musu bai kai nauyin ƙarfen ba: idan an zauna a benci bayan magariba, a ce, "Mai shayi, Indomie ɗaya ta isa. Ƙwai uku, mai kaɗan, sukari cokali ɗaya." Sannan a aika yaro tsallaken titi ya sayo awara.